Baƙin Haure a Amurka: Ana Son Guminsu, Ana Ƙin Ba Su Takarda

Ranar 7 ga Agustan 2019 da safe, jami'an hukumar shige da fice ta Amurka, wadda ake kira ICE, suka kai samame masana'antun gyaran kaji guda bakwai a jihar Mississippi. Kafin rana ta faɗi sun kwashe ma'aikata kusan 680. A wasu garuruwan makon komawa makaranta ne, yara suka taso suka tarar ba mai ɗaukarsu. Shekara guda bayan haka aka gurfanar da mutum huɗu daga cikin manajoji da ma'aikatan ofis. Su kuwa masana'antun suka ci gaba da yanka kaji, suka buga tallan neman sababbin ma'aikata. Wanda ya fahimci wannan labarin ya kama rabin zaren muhawarar da Amurkawa suka shafe kusan shekara arba'in suna yi: ƙasa tana buƙatar hannun waɗannan mutane, doka ta ce ba su da izinin zama balle na aiki, in kuma an zo hukunci, kashin dankali ake yi, na ƙasa ke shan nauyi.

Su wane ne, kuma su nawa ne?

Ba wanda ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, kiyasi ake yi. Cibiyar bincike ta Pew, wadda kowane ɓangare kan jingina da alƙalumanta, ta ce sun kai miliyan 12.2 a 2007, suka ragu zuwa miliyan 10.5 a 2021, sannan suka yi tsalle zuwa miliyan 14 a 2023. A da, fiye da rabinsu 'yan Meziko ne. Yanzu ba haka ba ne. Akwai 'yan Guatemala, El Salvador, Honduras, Venezuela, Indiya, da 'yan Afirka daidai gwargwado.

Kalmar "baƙin haure" takan kawo wa mutum hoton wanda ya tsallaka katanga ko ya ratsa hamada cikin dare. Akwai waɗannan, kuma su ne suka fi yawa. Amma wani kaso mai kauri ta filin jirgin sama suka shigo, da biza a hannu, aka buga musu hatimi aka ce barka da zuwa. Wa'adin ya ƙare suka ƙi komawa. Mu nan ba baƙon labari ba ne gare mu: shi ne takari, wanda ya je Umara ya sajje a Makka ko Jidda, yana aiki yana kallon bayansa. Yawancin 'yan Najeriya da ke Amurka ba takarda ta wannan hanya suka bi. A idon dokar Amurka akwai bambanci tsakanin biyun. Tsallaka iyaka ba izini laifi ne da ake iya ɗaure mutum a kansa har wata shida a karon farko. Zarce wa'adin biza kuwa saɓa ƙa'ida ne, ba a ɗauri a kansa, sai dai a tasa ƙeyar mutum. To amma wajen neman aiki, jirgi ɗaya ya kwaso su.

Abin da ya fi dagula lissafi shi ne daɗewa. Miliyoyi daga cikinsu sun haura shekara goma a ƙasar, wasu ashirin. Sun yi aure, sun hayayyafa. Kundin tsarin mulkin Amurka, tun gyaran da aka yi masa a 1868, ya mai da wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa, saboda haka akwai yara fiye da miliyan 4 'yan Amurka cikakku waɗanda uwa ko uba ba shi da takarda. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, amma doka uku: uba baƙon haure, babbar 'ya an shigo da ita a goye, ɗan auta ɗan ƙasa.

"Su bi layi mana"

Wannan ita ce maganar da ta fi fitowa daga bakin masu adawa, kuma a kunne tana da daɗi. Matsalar ita ce, ga lebura, layin kusan babu shi. Takardar zama ta dindindin, wadda aka fi sani da girin kad, ta hanya uku ake samunta galibi: dangi na kusa, aiki mai buƙatar ilimi ko ƙwarewa, ko mafaka. Kason da doka ta ware wa ma'aikatan da ba su da wata ƙwarewa bai wuce dubu 10 a shekara ba, ga duniya baki ɗaya. Ta hanyar dangi kuma, doka ta hana kowace ƙasa cin fiye da kashi 7 cikin ɗari na kason shekara, ko Meziko ce ko wata 'yar tsibiri. Ɗan Meziko da ɗan'uwansa Ba'amurke ya cike masa takarda yakan jira fiye da shekara ashirin. A doka akwai cacar biza mai gurbi kusan dubu 55, amma an cire Najeriya daga cikinta fiye da shekara goma da suka wuce, saboda yawan 'yan ƙasar da suka riga suka shiga ta wasu hanyoyin.

Bizar aikin wucin gadi guda biyu ce ta shafi masu aikin ƙarfi. Ta gona, H-2A, ba ta da iyakar adadi, kuma a 'yan shekarun nan ana ba da fiye da dubu 300 a shekara, sai dai ta aikin kaka ce kawai. Mai garken shanun madara, wanda ke tatsa safe da yamma duk shekara, ba ta yi masa amfani. Ɗayar, H-2B, ta otal da gyaran lambu da sarrafa kifi, doka ta tsayar da ita a dubu 66, ko da yake gwamnati kan ƙara wasu a kai. Aikin gini da wankin kwano da renon tsofaffi, waɗanda ba su san rani ko damina ba, ba su da ƙofa.

Sai kuma tarkon 1996. A shekarar aka yi doka cewa wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180 ya fita, ba zai dawo ba sai bayan shekara uku. In ya kai shekara guda, sai bayan goma. An yi ta ne don tsoratarwa, amma ta haifar da akasin abin da aka nufa. Mutumin da ya tsallako iyaka, ya auri Ba'amurkiya, sau da yawa sai ya koma ƙasarsa kafin a ba shi takarda. Da ya fita kuwa haramcin shekara goma ya hau kansa, sai in ya yi sa'ar samun sassauci. Gaba kura, baya sayaki. Da yawa suka zaɓi su lafe inda suke. Masanin zamantakewa Douglas Massey ya daɗe yana nuna cewa tsaurara iyaka tun shekarun 1990 ya kashe tsohuwar al'adar 'yan ci-ranin Meziko ta zuwa da komawa. Da tsallakawa ta yi tsada da haɗari, sai ɗan ci-rani ya daina komawa gida, ya aika a kawo masa iyali.

Cinikin 1986 da ya ɓata ruwa

Duk gardamar yau daga nan ta samo tushe. A 1986 shugaba Ronald Reagan, ɗan jam'iyyar Republican, ya sa hannu a wata doka mai ƙafa biyu. Ƙafa ta farko afuwa ce: wanda ya shigo kafin 1982, da wasu ma'aikatan gona, a ba su takarda. Mutum kusan miliyan 2.7 suka amfana. Ƙafa ta biyu ita ce, a karon farko a faɗin ƙasar, ɗaukar baƙon haure aiki ya zama laifi a kan mai ɗauka. Manufar a fili take: a share waɗanda ke ciki, a toshe abin da ke jawo na waje.

Ƙafa ta farko ta taka, ta biyu ta gurgunce. Dokar ta ce laifi ne ka ɗauki mutum "da saninka" cewa ba shi da izini. Abin da aka ɗora wa mai kamfani shi ne ya duba takardun da ma'aikaci ya miƙo, in sun yi kama da na gaske, ya cike wani fom mai suna I-9 ya ajiye a durowa. Nan da nan kasuwar takardun jabu ta buɗe. Mai kamfani ya duba ya kau da kai, ma'aikaci ya san an san, kowa ya bar kaza cikin gashinta. Manyan kamfanoni kuma suka gano wata dabarar: ba su ɗaukar lebura da kansu, sai su ba ɗan kwangila, shi ma ya ba wani ƙaramin ɗan kwangila. In ta fashe, ba ruwan na sama. Kuma dokar ba ta buɗe wata sahihiyar ƙofa ga leburan da za a buƙata gobe ba. Cikin shekara ashirin adadin baƙin haure ya ninka na da sau uku ko fiye.

Shi ya sa kalmar "afuwa" ta zama kamar zagi a siyasar Amurka. Masu ra'ayin riƙau suna cewa an taɓa yi musu romon baka, an karɓi afuwa a hannu, an bar tsaro a bashi, ba za a sake ba; a fara toshe iyaka tukuna. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa ai an narka biliyoyin daloli a iyaka, an ninka jami'an sintiri daga 'yan dubbai zuwa kusan dubu 20, amma kullum aka cika sharaɗi sai a matsar da turke gaba. A ganina kowannensu yana da gaskiya a kan abin da ya faru, kuma wannan ne ya sa sasantawa ta yi wuya.

Akwai manhajar E-Verify, inda mai ɗaukar aiki ke shigar da bayanan ma'aikaci a intanet, kwamfutar gwamnati ta tantance. Gwamnatin tarayya ba ta tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu amfani da ita ba, sai masu yi mata kwangila. Jihar Arizona ta wajabta ta da dokar 2007, kotun ƙoli ta amince mata a 2011, wasu jihohin kudu suka bi sahu. Abin lura shi ne waɗanda suka fi tsayawa ƙyam wajen hana a wajabta ta a faɗin ƙasa ba 'yan rajin kare haƙƙin baƙi kaɗai ba ne. Manyan manoma da 'yan kwangilar gini suna ciki, kuma yawancinsu jam'iyyar da ke ihun korar baƙi suke zaɓa. Sun san abin da ke cikin gonakinsu: binciken ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar ya nuna kusan huɗu cikin kowane goma na masu aikin amfanin gona ba su da takarda. Da jihohin Jojiya da Alabama suka yi dokoki masu tsanani a 2011, ma'aikata suka watse, manoma suka fito suna kuka kayan lambu na ruɓewa a gona.

Shin suna ƙwace aikin 'yan ƙasa?

Nan ne masana tattalin arziki suka fi kai ruwa rana, kuma akwai wani labari da suke ta juyawa. A 1980 Fidel Castro ya buɗe tashar ruwa ta Mariel, 'yan Kyuba kusan dubu 125 suka kwararo Amurka cikin 'yan watanni, akasarinsu suka sauka Miyami. Ma'aikatan birnin suka ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari dare ɗaya. David Card, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel, ya bi alƙaluman a 1990 ya ce albashin talakan Miyami bai faɗi ba, rashin aiki ma bai ƙaru ba. Shekara ashirin da biyar bayan haka George Borjas na jami'ar Harvard, shi kansa haifaffen Kyuba, ya sake duba su, ya ware mazan da ba su gama sakandare ba, ya ce nasu albashin ya faɗi warwas. Wasu suka mayar masa cewa mutanen da ya ƙirga sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. Har yau ba a rabu ba.

Wani gwajin kuma ta ɗaya fuskar ya zo. Daga 1942 zuwa 1964 Amurka tana da yarjejeniya da Meziko ta kawo ma'aikatan gona na wucin gadi, shirin Bracero, aka sa hannu a kwangila fiye da miliyan 4. Aka soke shirin da hujjar cewa albashin Ba'amurke zai tashi. Masu bincike da suka koma kan bayanan suka tarar bai tashi ba. Manoman tumatir a Kalifoniya inji suka saya, wasu kuma suka sauya abin da suke shukawa.

Babban rahoton da cibiyar kimiyya ta ƙasar ta fitar a 2016 ya tsaya a tsakiya: in aka dubi dogon lokaci, tasirin baƙi a kan albashin 'yan ƙasa gaba ɗaya kaɗan ne ƙwarai, inda yake cizo kuwa shi ne a kan waɗanda ba su gama sakandare ba da kuma baƙin da suka riga zuwa. Dalili kuwa baƙo ba hannu kawai ya zo da shi ba, ya zo da ciki; yana haya, yana sayen abinci, kuma gidan da ya ɗora wa bulo yana samar wa injiniya da mai lantarki aiki. Amma ga Ba'amurken da ke aikin fenti ko rufin kwano, wanda ɗan kwangila ya ajiye ya ɗauko mai karɓar rabin kuɗinsa, wannan dogon lissafi ba ya biya masa kuɗin haya.

Ni abin da na fi ganin ƙarfinsa shi ne, ba zuwan baƙon ne kaɗai ke karya farashin ƙwadago ba, rashin takardar ne. A rubuce, dokar mafi ƙarancin albashi da ta kuɗin ƙarin lokaci sun shafi kowane ma'aikaci, da takarda ko babu. A aikace, wa zai kai ƙarar maigidan da ke iya kiran ICE da waya ɗaya? Kotun ƙoli ma ta ƙara raunana su a 2002, a shari'ar kamfanin Hoffman Plastic, inda ta ce baƙon hauren da aka kora don ya shiga ƙungiyar ƙwadago ba za a biya shi albashin da ya rasa ba. Ma'aikacin da ba ya iya buɗe baki ya fi arha, arharsa kuma ita ke jan na kusa da shi ƙasa. Wannan ne ya sa babbar haɗakar ƙungiyoyin ƙwadago ta AFL-CIO, wadda ta goyi bayan hukunta masu ɗaukar baƙi a 1986, ta juya a shekarar 2000 ta koma neman a ba su takarda.

Batun haraji ma akwai abin mamaki. Da yawa suna aiki da lambar fansho ta aro ko ta jabu, ana cire musu kuɗi daga albashi kamar kowa, zuwa asusun da ba za su taɓa ci ba. Wasu kuma hukumar haraji da kanta ta ba su lamba ta musamman don su biya, ba ta tambayar yadda suka shigo. Wata cibiyar nazarin haraji, ITEP, ta kiyasta cewa sun biya dala biliyan 96.7 a 2022. Ba su da haƙƙin tallafin abinci ko inshorar lafiya ta tarayya. Amma asibiti ba ya korar mai neman agajin gaggawa, kuma tun hukuncin kotun ƙoli na 1982 ba jihar da ke da ikon hana ɗansu makaranta. Ka ga kaso mafi tsoka na harajin yana tafiya Washington, ɗawainiyar makaranta da asibiti kuwa tana kan jiha da ƙaramar hukuma. Kukan gwamnonin kan iyaka ba duka ne siyasa ba.

Majalisa ta kasa, shugabanni na ta faci

Shugaba George W. Bush ya gwada gyara dokar a 2006 da 2007, abin ya ci tura. A 2013 majalisar dattawa ta amince da wani babban ƙuduri da ƙuri'a 68 da 32: ƙarin tsaro, wajabta E-Verify, da hanyar zama ɗan ƙasa mai ɗaukar shekara 13, bayan biyan tara da haraji. Majalisar wakilai ko ƙuri'a ba ta kaɗa a kai ba. Ƙudurin yaran da aka shigo da su suna ƙanana, wanda aka fara gabatarwa tun 2001, ya sami ƙuri'a 55 a majalisar dattawa a 2010, alhali 60 ake buƙata.

Da haka ta faskara, shugaba Barack Obama ya yi amfani da alƙalaminsa a watan Yunin 2012 ya kafa shirin DACA. Wanda aka shigo da shi kafin ya kai shekara 16, yana karatu ko ya gama, ba shi da babban laifi, za a jingine korarsa a ba shi izinin aiki na shekara biyu, yana sabuntawa. Fiye da mutum dubu 800 suka taɓa shiga. Ba takardar zama ba ce, kuma abin da alƙalami ya ba, alƙalami na iya karɓewa. Shugaba Donald Trump ya nemi soke shi a 2017, kotun ƙoli ta taka masa burki a 2020 bisa cewa bai bi ƙa'ida ba, sai wani alƙali a Teksas ya hana karɓar sababbi a 2021. Waɗanda ake kira yara a lokacin, da yawansu yanzu sun haura talatin, suna da nasu 'ya'yan, har yanzu rayuwarsu shekara bibbiyu ake auna musu ita.

Masu neman mafaka kuma nasu daban ne: suna da izinin jira, amma ba a ba su izinin aiki sai takardarsu ta yi kwana 180. Kotunan shige da fice suna da shari'u fiye da miliyan 3 a jibge. Lokacin da gwamnan Teksas, Greg Abbott, ya fara loda baƙi a bas yana aika su New York daga 2022, magajin garin na lokacin, Eric Adams, roƙon da ya fi yi wa gwamnatin tarayya shi ne ta hanzarta ba su izinin aiki, don birnin ya huta da ciyar da majiya ƙarfin da doka ta ɗaure wa hannu.

Trump ya dawo mulki a Janairun 2025 da alkawarin kora mafi girma a tarihin ƙasar. A ranarsa ta farko ya sa hannu a umarnin hana 'ya'yan baƙin haure zama 'yan ƙasa ta haihuwa, aka garzaya kotu. Samame ya koma wuraren aiki gadan-gadan. A Satumba aka kama mutum 475 a wurin gina masana'antar batir ta Hyundai a Jojiya, akasarinsu 'yan Koriya ta Kudu, abin da ya jawo tsamin dangantaka da ƙasar da ta zuba jarin. Kafin nan, a watan Yuni, shugaban da kansa ya fito ya ce manoma da masu otal suna kuka ana kwashe musu ma'aikatan kirki da suka daɗe da su. Aka ba ICE umarnin ta dakata da shiga gonaki da otal-otal da gidajen abinci. Ba a yi mako guda ba aka janye umarnin.